Yadda Za Ka Sayi Sabon Sikirin Alhali Tsohon Lafiyarsa Ƙalau

Duk wanda laftof ɗinsa ya wayi gari da layuka kore da ja, ko hoto ya dagargaje, ko fuska ta yi baƙi ƙirin alhali fanka na ta juyawa, to ya samu damar rabuwa da kuɗinsa, kuma bai kamata ya yi sake ba. Hanya mafi sauri ita ce a ɗora wa sikirin laifi. Gaskiya dai sikirin ɗan aike ne, abin da cif ɗin hoto, wato GPU, ya ba shi, shi yake isarwa. Amma cif ɗin yana can ciki manne da babban bod, ba wanda ya san kamanninsa, ɗan aike kuwa ga shi a gabanka. Kama shi kawai.

Abin da zai ɓata maka shiri shi ne gwaji, musamman da yake yawancinsa kyauta ne. Ka yi nesa da wayar HDMI. Idan ka kuskura ka jona laftof da talabijin, layukan nan suka bayyana a can ma, an wanke sikirin ke nan, kai kuma ka rasa dalilin zuwa kasuwa. Kada ka ɗauki hoton fuskar da maɓallin PrtSc ka tura waya, domin idan dameji ya biyo hoton har cikin waya, tun kafin ya isa sikirin aka lalata shi. Tocila ma abokiyar gaba ce: in ka haska baƙar fuskar ka hango rubutu dishi-dishi, hoto na zuwa, fitilar baya ce ta mutu. In kuma kana ɗaga murfi kana saukewa hoton na zuwa yana ɗaukewa, siririyar wayar da ta ratsa ta mahaɗin murfin ce ta gaji, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Masu Dell su fi kowa hattara, don yawancin injinansu in ka danne harafin D ka kunna, sikirin zai gwada kansa da launuka ɗaya bayan ɗaya, in sun fito tas ya ba ka kunya a gaban jama'a. Ko da talabijin ya nuna hoto tas, kada ka yi saurin murna: wasu laftof cif biyu gare su, ramin HDMI na kan ɗaya, sikirin na kan ɗayan, don haka shaidar talabijin ita kaɗai ba ta rufe shari'a.

Wani zai ce, ai wataƙila Windows ce ko direba, wato manhajar cif ɗin hoto, a goge komai a sake lodi. Shawara ce mai kyau ga wanda ya gaji da hotunan bikinsa. Sai dai akwai cikas: idan layukan suna fitowa tun a tambarin kamfani, lokacin da Windows ba ta ma farka ba, direba ba shi da hannu. Haka in an shiga Safe Mode abu ya lafa, an sa sabon direba ya dawo, an koma tsoho ya dawo, Device Manager kuma na nuna Code 43, to yatsa ya fara nuna cif. A injinan da hotonsu ke aron RAM, cire RAM ɗin a goge a mayar kan warware rikicin cikin minti biyar, shi ya sa mai son kashe kuɗi ba ya taɓa shi.

Wani kuma zai ce cif ɗin babban kamfani ba ya mutuwa haka kawai. Riƙe wannan imani da kyau, kada ka tuna da Yulin 2008, lokacin da Nvidia ta sanar da ware dala miliyan 150 zuwa 200 saboda cif ɗinta da ke mutuwa a laftof. Ƙananan ɗigon dalma da ke haɗa cif da mazauninsa ne ke tsagewa, saboda yau zafi gobe sanyi, a kunna a kashe. HP da Dell suka fitar da sabon BIOS mai sa fanka ta ƙara aiki, Apple ta karɓi gyaran MacBook Pro masu GeForce 8600M GT kyauta. A Fabrairun 2015 Apple ta sake buɗe irin wannan gyara, har da MacBook Pro na 2011 masu cif ɗin AMD. Tsofaffin injina kuwa mu ne magadansu a kasuwar kayan hannu, inda ƙurar hunturu ke toshe fanka, zafin Afrilu ya ƙarasa aikin. In kana son taimaka wa ƙurar da zafin, ɗora laftof a kan katifa ka kalli fim uku a jere.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta mai cewa, to in cif ne ma, ai injiniya na hura masa zafi ya tashi. Yana tashi kam, har akwai waɗanda suka gasa bod a obin ɗin girki ya tashi. Zafin kan sa tsagar ta sake haɗuwa na ɗan lokaci, amma abin da ya tsaga ta yana nan, don haka bayan makonni ko watanni layukan su dawo, kai ma ka dawo da kuɗi. Amfanin hurawar na gaskiya biyu ne, ta tabbatar cif ne mai laifi, ta kuma ba ka sararin kwashe fayil ɗinka. Gyara mai ɗorewa sai an canza cif ko bod gaba ɗaya, a tsohon inji kuwa kuɗin na iya kamo na wani laftof ɗin. A wasu masu cif biyu ana iya kashe mai ciwon a lallaɓa da na Intel, ya ishe ka rubutu da intanet. Wannan kusan kyauta ne, saboda haka kada ka tambaya sai ka biya kuɗin sabon sikirin, an ɗaura, layukan sun bayyana a kansa su ma.