Wasiƙar Neman Sulhu Zuwa Ga Mai Girma Zafi

Daga jama'ar nan 'yan kaɗan masu ba da aron kwamfutocinsu na gida ga ma'abota binciken ilmi, zuwa ga Mai Girma Zafi, ubangidan bazara, mai tsakar rana, wanda hukuncinsa ke gudana tun daga Sakkwato har Maiduguri, tun daga Kano har Agadas, ba tare da an taɓa jin ya nemi shawarar kowa ba. Gaisuwa da ban girma gwargwadon muƙaminka. Ka yi mana afuwa da ba mu ce Allah ya ja zamaninka ba, domin ba ya kyautuwa harshe ya roƙi abin da zuciya ba za ta ce amin a kansa ba.

Bayan haka, muna so mu gabatar da kanmu, ko da yake ka san ɗakunanmu ciki da bai. Mu ƙungiya ce ta mutane daban-daban, akwai malamin makaranta, akwai mai shagon buga takardu, akwai ɗalibai, akwai kuma wani ɗan'uwanmu da neman ilmi ya kai shi Kanada. Abin da ya haɗa mu kuwa shi ne, da muka lura cewa kwamfuta tana shafe mafi yawan yininta ba ta aikin komai sai jiran mai ita, sai muka ɗaura niyyar sadaukar da wannan rarar lokaci nata ga aikin da ake kira Folding@home, wanda Farfesa Vijay Pande ya assasa a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2000. Tsarinsa shi ne, masana su ɗauki mas'alar da ta fi ƙarfin na'ura guda, wato yadda ƙwayoyin furotin ke naɗe kansu har su ɗauki siffarsu, da yadda kuskure a wannan naɗi ke da hannu a cututtuka irin su Alzheimer, su yanyanka ta ƙanana-ƙanana, su aika wa kowane mai sa kai rabonsa ta intanet, kwamfutarsa ta yi lissafi ta mayar da amsa. Kada ka raina wannan karo-karo, domin a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, jama'a sun yi ta kwararowa har ƙarfin taron ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, matsayin da babu wata na'ura guda a duniya da ta kai shi a wancan zamani. Waɗansunmu kuma sun karkata ga World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya buɗe a 2004, saboda aikin da aka soma a 2019 tare da masanan Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, na kwatanta yadda ruwan sama ke sauka a Afirka kudu da Sahara don amfanin manoma. Ka ga ke nan har damina, wadda ke tuɓe maka rawani kowace shekara, muna yi mata hidima, kuma ba mu ɓoye maka ba.

Dalilin ɗaukar alƙalami shi ne, mun gano cewa ta ƙofa biyu kake shigo mana, alhali shari'a ba ta yarda a karɓi haraji sau biyu a kan dukiya ɗaya ba. Ta ƙofar farko kana saukowa daga rufin kwano kamar yadda kake sauko wa kowa, wannan ba mu da ja a kanta. Ta biyun ita ce abin kuka, domin a cikin akwatin kwamfutar kanta ake haihuwarka. Tun a shekarun 1840 wani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya tabbatar da hujjar gwaji cewa lantarki idan ya ratsa waya sai ya haifi zafi gwargwado sananne, masana kuma suka yi ittifaƙi a kan cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Fassarar wannan a ɗakunanmu ita ce, duk wutar da kwamfuta ta sha daga soket, idan ta gama lissafi da ita, gare ka take komawa baki ɗaya. Katin zane mai cin wat 300, wanda shi ne barden wannan aiki, in ya yini ya kwana a bakin aiki ya sha yunit 7.2 a mita. Kuma tun da yake jikin mutum mai hutawa yana fitar da ɗumin da ya kai kimanin wat 100, to mai irin wannan kati tamkar ya sauki ƙarti uku ne a ɗakinsa, ba sa barci, ba sa fita shan iska, ba su kuma sa ranar komawa garinsu ba.

Da a ce daidai wa daida kake yi wa kowa, da mun ce ƙaddara ce mun yi shiru. Amma fanka, kome girmanta da kome ƙugin da za ta yi, ba ta ƙirƙirar sanyi. Iyakar ikonta ta ɗebi iskar ɗaki ta busa a kan ƙarfe, saboda haka har abada ba za ta saukar da na'ura ƙasa da zafin ɗakin da take ciki ba. Katin da ya saba ɗara ɗakinsa da digiri 45, yana zaune lafiya lau a kan 65 a ɗakin da ke kan 20, amma a kawo shi ɗakin da ya kai 42 a watan Afrilu, sai a iske shi yana neman 87, alhali da yawa daga katunan Nvidia tun a wajen 83 suke soma rage gudu don tsira da ransu, ƙwaƙwalwar Intel ma iyakar haƙurinta a wajen 100 take. Ɗan'uwanmu na Kanada kuwa, a tsakiyar Janairu, sai ya aiko mana da saƙo cike da godiya, wai na'urarsa na ɗumama masa ƙafafu har ya rage kuɗin ɗumama ɗaki, ya ci ladan bincike ya ci ribar ɗumi. A can kai bara ne mai ladabi, a nan kai sarki ne mai fushi, kuma a allon maki ɗaya ake auna mu da shi.

Sa'an nan ga ƙawancen da ka ƙulla da ƙura, wanda muke ganin bai dace da mai daraja irinka ba. Idan hunturu ya shigo, ka yi kamar ka tafi, muka saki jiki muka buɗe wa na'urori linzami, ashe ka bar wakiliyarka tana aiki a ɓoye. Ranar da mai shagonmu ya kwance murfin akwatinsa a ƙarshen Fabrairu, abin da muka gani ya isa wa'azi: siraran faifan alminiyam ɗin nan da aka jera don iska ta ratsa tsakaninsu sun toshe da wata tabarma mai ruwan toka, wadda ya kama gefenta da yatsa biyu ya ɗago ta ɗungurungum ba ta yage ba, fikafikan fanka kowanne ya yi gemu, man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta, don kada iska ta raba su, ya bushe ya tsattsage yana marmashewa. Ya fitar da akwatin tsakar gida, ya danne fankar da ɗan yatsa don kada ƙarfin iska ya juya ta fiye da kima, ya sa bulawa, sai ga hazo ya tashi har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko shara ake ƙonawa. Ya goge tsohon man, ya ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake, ya mayar da komai mazauninsa, na'urar da take ihu ta koma magana a hankali. Ɗalibanmu masu kwamfutar cinya kuwa, laifinsu bai wuce ɗora ta a kan katifa ba, su toshe mata hanci da kansu, sa'an nan su zo suna kai ƙararka. A wannan dai mun wanke ka.

Mun zauna a kanka zama ba ɗaya ba, kuma malaman ƙungiya sun saɓa zuwa mazhabobi. Akwai masu cewa a cire murfin gefe a kafa fankar tsaye tana busawa kai tsaye, wannan yana rage ka, sai dai yana buɗe wa ƙura babbar ƙofa, yara da kyanwa kuma su sami abin taɓawa. Akwai masu sanyayawa da ruwa ta bututu, waɗanda aka tunatar da su cewa ruwan ma a ƙarshe fanka ce ke fifita shi da iskar ɗakin nan dai, ya ɗauke ka ne daga kan ƙwaƙwalwa ya ajiye ka a gefen gado. Wani ya kawo shawarar na'urar sanyaya ɗaki, aka amsa masa cewa sayen wuta don a haife ka, a sake sayen wata don a kore ka, a kuma tada janareta don a ciyar da su biyun, ya shiga babin israfi, kuma sadakar da za ta hana tukunyar gida tafasa ana duba ta sau biyu. Wani yaro mai kaifin basira ya ce a sa kwamfutar cikin firji. Ba a tsawata masa ba, an dai bayyana masa cewa firji an yi shi ne don abin da ya riga ya mutu ya daina fitar da ɗumi, kuma raɓar da za ta taru a kan waya ta fi ka saurin kisa. Fatawar da ta rinjaya, har ta kusa zama ijma'i, ita ce ta masu tsakaitawa: tun da yake cin wutar na'ura yana hawa ne da gudunta, kuma yana ninkuwa da ƙarfin lantarkin da ake tura mata, to ƙarshen gudun nan shi ya fi kowane sashe tsada, wanda kuwa ya rage wa katinsa iyakar wuta zuwa kashi 70 cikin 100 zai tarar da aikin da ya rasa bai kai wutar da ya yi tsiminta ba, ɗakinsa kuma ya zama wurin da ake iya kwana.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɗora maka laifin da ba naka ba. Babban mataimakinka a cikinmu shi ne son maki. Masu wannan aiki sun san halin ɗan Adam, sai suka sa wa kowane rabo maki, suka ƙara lada ga wanda ya mayar da amsa da wuri, suka kuma jera ƙungiyoyi a allo kowa na ganin wanda ya wuce shi. Makin nan ba ya sayen ko ƙullin gishiri, amma mun ga dattijo mai furfura yana tashi cikin dare don ya duba ko ƙungiyar da ke bayanmu ta matso. A nan niyya take gurɓata, sadaka ta soma ƙamshin riya, mutum ya tilasta wa na'urarsa gudun da maƙeranta ba su yi mata izini ba, kai kuma kana gefe kana murmushi, domin ka san na'urar da ta yi zafi fiye da kima takan soma kuskuren lissafi. Rabon da aka ba mutum kuwa amana ce mai wa'adi: a Folding@home sau da yawa ba a iya yanka rabo na gaba sai amsar na baya ta dawo, don haka wanda ya riƙe nasa ya lalata ya tsayar da ayari, a ayyuka da dama na manhajar BOINC, wadda Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fitar, rabo ɗaya akan ba kwamfutoci biyu ko fiye, ba a karɓar amsa sai shaidarsu ta dace da juna. Mai gaggawar da ya kawo shaidar zur bai ƙara wa ƙungiya komai ba face kunya.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma sulhu muke nema domin mun san ba a cin ka da yaƙi. Daga Maris zuwa saukar ruwan farko, mun bar maka yini tun daga hantsi har la'asar sakaliya, za mu sa wa manhaja sa'o'inta ta dakata da kanta. Malaman fiƙihu ma sun yi rangwamen a jinkirta sallar Azahar idan ka tsananta har rana ta ɗan yi sanyi, to ina ga lissafin furotin. Daga bayan Isha'i zuwa fitowar rana namu ne, muna roƙo ka janye daga bango da rufi da wuri, ka daina wannan ɗabi'a ta laɓewa cikin bulo har tsakar dare. Za mu zaɓi ƙananan rabo masu gajeren lissafi a watanninka, mu bar manya sai damina da hunturu, kuma duk wanda ma'auninsa ya wuce iyakar da ƙungiya ta yanka zai sauka ba tare da gardama ba, ko da ƙungiyar da ke bayanmu za ta wuce mu ta yi mana gwalo. Sai dai muna neman togaciya guda saboda 'yan'uwanmu masu sola, waɗanda mas'alarsu ta gagari malamai: wutarsu ba ta cika sai a tsakar rana, daidai lokacin da kake zaune a fada, da dare kuwa batir ɗinsu na fankar iyali ne da fitilar karatun yara, kuma kai ɗin nan dai kana rage wa faifan solar ƙarfi idan ka gasa shi. Waɗannan muna roƙo ka bar su su yi aiki da rabin ƙarfi a lokacinka, akwati a ɗage daga ƙasa, nesa da bango, taga a buɗe ta ɓangaren inuwa, kai kuma ka kau da kai kamar ba ka gani ba.

Ba sai ka wahalar da magatakardanka wajen rubuto amsa ba, akwai ma'auni a cikin kowace na'ura, za mu karanta ta a can gobe da azahar. Idan ka amince, ɗan'uwanmu na Kanada ya ce a shaida maka yana da masauki, kuma a shirye yake ya karɓe ka tun daga Nuwamba har Maris, kai da iyalanka duka, ban da ƙura.

Wassalam.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Magatakardan ƙungiya, a madadin sauran masu gumi.