Ilimin Wa-Zai-Doke-Wa

Ilimin wa-zai-doke-wa reshe ne na musu da ke binciken ƙarfin jaruman da ba a taɓa haifa ba, da ƙa'idojin tsafin da ba a taɓa yi ba. Ba shi da jami'a, ba shi da takardar shaida, amma malamansa sun fi ɗalibansa yawa. Ana karantar da shi a majalisar samari, da teburin mai shayi, da ɗakin kwanan ɗalibai, musamman a makon jarrabawa. Sharaɗin shiga shi ne murya mai ƙarfi. Karanta littafin da ake musu a kansa abu ne mai kyau, amma ba dole ba ne.

Babi na farko a wannan fanni shi ne tsarin sihiri, kuma a nan masana suka rabu gida biyu. Gida na farko na masu neman lissafi ne. Suna so a faɗa musu daga ina boka yake samun ƙarfinsa, nawa yake kashewa, yaushe yake ƙarewa. Madugunsu marubucin nan ne na Amurka, Brandon Sanderson, wanda a 2007 ya kafa ƙa'idar cewa marubuci ba shi da ikon warware matsala da sihiri sai gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin. A littafinsa Mistborn na 2006, matsafi sai ya haɗiyi ƙarfe kafin ya yi aiki: kuza tana kaifafa ji da gani, wani ƙarfen yana ƙara ƙarfin jiki, idan kuwa abin da ke ciki ya ƙare, hatsabibanci ya ƙare. Bahaushe bai sha wahalar gane wannan ba, domin tun a tatsuniya da hirar 'yan tauri ya saba jin cewa kowane laƙani da sharaɗinsa, kowane asiri da makarinsa.

Gida na biyu na masu cewa a bar tsafi da duhunsa ne. Hujjarsu Gandalf, tsohon nan mai sanda na littafin The Lord of the Rings da J.R.R. Tolkien ya fitar a 1954 da 1955. Ba wanda ya san iyakar ƙarfinsa. Wata rana ya kara da dodon wuta, wata rana aikinsa bai wuce haska hanya da busa hayaƙin lofe ba. A kan wannan littafi ne aka gina shahararriyar mas'alar mikiya: tunda manyan mikiyoyi sun ɗauko jarumin labarin, Frodo, daga dutsen wuta bayan ya gama wahalar zuwa can, me ya hana su kai shi tun farko? An ba da amsoshi iri-iri, daga tsoron idon abokin gaba zuwa girman kan mikiyoyin. Amsar da ba a son ji ita ce da sun kai shi, da littafi mai juzu'i uku ya ƙare a shafi na arba'in.

J.K. Rowling ta faɗa irin wannan rami a 1999, a littafin Harry Potter na uku, inda ta ba wata ɗaliba agogon komawa baya a lokaci don ta halarci darussa da yawa. Masu musu suka ce ashe akwai abin da zai hana kisa da yaƙi, aka ɓata shi a kan jadawalin aji. A littafi na biyar, a 2003, aka yi wani faɗa da ya farfasa duk agogunan da ke ma'ajiyar hukuma. Masana fannin suna kiran wannan gyaran kuskure. Marubuta suna kiransa ci gaban labari.

Babi mafi zafi shi ne na awon ƙarfi, kuma babbar shari'arsa da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce Goku da Superman. An ƙirƙiri Superman a Amurka a 1938, Akira Toriyama na Japan ya ƙirƙiri Goku a 1984, kamfanoninsu daban, duniyoyinsu daban, ba su taɓa ko gaisawa ba. Toriyama ne ya ɓata yaran mutane da ya shigo da na'urar awon ƙarfi: manomi yana da 5, mugu Frieza yana da 530,000 tun bai rikiɗa ba. Akwai wurin da asalin Japananci ya ce ƙarfin Goku ya haura 8,000, fassarar Turanci ta ce 9,000, kuma wannan dubu ɗayan ta raba abokai. Daga baya shi kansa Toriyama ya watsar da lambobin. Almajiransa ba su watsar ba. A cikinsu ake samun saurayin da ya haddace adadin duniyoyin da naushi ɗaya zai tarwatsa, amma bai san nawa mai shayi yake bin sa ba.

Zaman musu yana da tsari sananne. Ana farawa da “Ai a kashi na kaza ya ɗaga dutse.” Sai a amsa da “Wannan ba ya cikin littafi, a fim aka ƙara.” Daga nan sai maganar lago: ɗan koren dutse yana karya Superman, yunwa tana karya Goku. Idan hujja ta ƙare sai a koma “Kai yaro ne, yaushe ka fara kallo?” A majalisun ƙasar Hausa akan samu dattijo ya tsoma baki da cewa Ganɗoki na Bello Kagara ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa zai haɗa su duka ya ɗaure, kuma mai layar zana ba ya bukatar alkyabbar ɓacewa ta Harry Potter. Ba a cika musa masa ba, saboda furfura, kuma saboda yawanci shi ke biyan kuɗin shayin.

An taɓa gwada kashe wutar a hukumance. A 1996 kamfanonin DC da Marvel suka haɗa jarumansu faɗa, suka bar masu karatu su yanke hukuncin karawa biyar da ƙuri'a. Superman ya doke Hulk, Batman ya doke Captain America, waɗanda gwaninsu ya faɗi suka ce ba a yi adalci ba. Stan Lee, wanda ya ƙirƙiri da yawa daga jaruman Marvel, ya bayyana cewa mai nasara shi ne duk wanda marubuci ya ga dama, kuma tarihi yana bayansa. A 1978 DC ta buga labarin da aka kai Superman wata duniya mai jar rana, inda ƙarfinsa ba ya aiki, aka sa masa safar dambe, Muhammad Ali ya lakaɗa masa duka har aka fitar da shi ranga-ranga.