Kai Da Ka Ce Duk Sanyi Ne

Na hango ka, Malam, ka taɓe baki. An ce a koya wa ɗaliban likitanci zaɓen magani daidai da jinin kowane majinyaci, musamman a cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, sai ka ce, "Ga wani sabon iyayin Turawa." Gyara zama. Yau ni da kai ne.

Ka ce ciwon gaɓɓai ai sanyi ne, a sha citta a lulluɓa da bargo? Sannu, likitan zaure! Ga Hajiya 'yar shekara talatin, yatsunta sun kumbura hagu da dama, da safe sai ta yi awa guda kafin ta iya riƙe ludayi. A tsakiyar bazara, ana neman inuwa ido rufe, wane sanyi ne ya kama ta? Maigadin da aka ɗauka don korar ɓarayi ne ya juyo da gora kan masu gida. Idan garkuwar ta far wa gaɓɓai, amosani ne mai suna rumatoyid. Idan hanji ne, cutar Crohn. Idan fata ce, soriyasis. Idan kuwa ta yi kan mai uwa da wabi, fata da ƙoda da jini duka, lufus ke nan, kuma tara cikin goma na masu ita mata ne. Kai kuma ka ce kishiya ce ta yi jifa. Baiwar Allah tana can tana wanke-wankenta, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ka ce a ba su firednisolon mana, ai yana aiki? Yana aiki har ya wuce gona da iri. Kwana uku kumburi ya saɓe, bayan watanni fuska ta yi suntum, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Saboda maigadi ɗaya ya haukace, ka sa duk masu gadin unguwa barci. A farkon shekarun 1990, Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna cewa toshe wani sinadari guda mai suna TNF yana lafar da amosanin. A 1998 Amurka ta amince da infiliksimab, allurar da ke yin wannan aiki. Dakata da tafin tukuna. Kusan ɗaya cikin uku na masu karɓar irin waɗannan allurai ba sa samun wani sauƙi na a zo a gani. Sunan ciwon ɗaya ne, amma abin da ke hura wutarsa a jikin Hajiya daban, a jikin Ladi daban. Abin da ake so ɗalibi ya iya shi ne ya bambance su kafin alƙalaminsa ya taɓa takarda.

Ka ce wannan harkar masu kuɗi ce, mu da ko farasitamol sai an ci bashi? Yauwa, nan nake jiran ka. Mai kuɗi zai gwada magani wata uku, bai yi ba ya sauya, ya gaji ya tashi zuwa Alƙahira ko Indiya. Talakan da ya sayar da akuyarsa tilo fa? Harbi ɗaya gare shi, in ya kuskure shi ke nan. Shi ne ya fi kowa buƙatar likitan da ba ya canki-canka. Kuma ba kowane gwaji ne ke neman na'urar miliyoyi ba. Allurar toshe TNF tana tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, haka ciwon hanta nau'in B, kuma dukkansu ba baƙi ba ne a gidajenmu. Hoton ƙirji da gwajin jini kafin allurar farko suna iya ceton rai. Shi kuma maganin metotireksat sau ɗaya a mako ake sha, kuma ba a ba mai juna biyu. "Hajiya, kina shirin haihuwa?" Nawa ake sayar da wannan tambaya a kasuwarku?

Ka ce kai maganar gado da ƙwayoyin halitta ba ta shige ka ba? Kai da ka bi layi aka ɗebi jininka kafin ɗaurin aure, ka fito kana washe baki kai AA ne? A Kano ma tun 2024 gwajin ya zama doka. Tuni ka yi mubaya'a, Alhaji, gardamar ta fatar baki ce. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa. Kimanin mutum 1 cikin 300 jikinsa ba ya sarrafa maganin azatiyofirin saboda rashin sinadarin TPMT, in aka ba shi sai ɓargo ya daina haifar da jini. Gwaji guda kan tona wannan asiri.

Ka ce shekara shida ɗalibi na haddar littattafai, ai sun isa? Tambayi jikin wa aka auna aka rubuta su. An kammala karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, amma mafi yawan binciken da ya biyo baya a kan Turawa aka yi. Littafi ya ce kurjin irin waɗannan cututtuka ja ne. A fatar Ladi? Sai dai a jira shi har Mahadi ya bayyana. Littafi ya ce a ciwon da ke sandarar da ƙashin baya a nemi alamar HLA-B27, domin kusan tara cikin goma na Turawan da ke fama da shi suna ɗauke da ita. Aka je wurin Fulanin Gambiya, ga alamar a jinin wasunsu, ciwon kuwa ya ƙi fitowa. Ashe har cuta tana jin kunyar Fulani! Ga kuma wani sashen ƙwayoyin halitta mai suna APOL1, wanda aka gano sirrinsa a 2010. Nau'o'insa da suka yawaita a Afirka ta Yamma suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci na ƙudan tsando, amma wanda ya gaje su ta uwa da uba ƙodarsa na cikin haɗari, balle lufus ta shigo. Ɗalibin Zariya ko Yamai ya fi na Landan buƙatar sanin wannan, domin shi ne zai gamu da masu shi kowace safiya.

Ka ce in an koya musu za su tsere Ingila da Saudiyya? Wasu za su tafi, ba musu. To sai a rage musu karatu don su zauna? Kai ne za ka kwanta a gabansu?

Saura ƙiris na manta. Wane ne ke daka wa mai kemis tsawa, "Kada ka ba ni kulorokwin, ni ƙaiƙayi yake sa ni, jikina ba irin na kowa ba ne"? Muryar ta yi kama da taka, Malam. Kuma gaskiyarka, wannan ƙaiƙayi ya fi addabar baƙar fata. To abin da kake faɗa wa mai kemis da ƙarfi shi ake so a koya wa likita a aji. In har yanzu kana da ja, zo mu je a ba ka kulorokwin, mu ƙarasa gardamar kana susa.