Bazazzagi, Dakata da Fomatin Ɗin Nan

Malam Bazazzagi, ɗan birnin ilimi, jikan masu fate! Labari ya iso mana Kano cewa kwamfutarka ta hana ka sakat. Da ka buɗe folda sai fuskarta ta yi walƙiya, layin ƙasa mai agogo ya ɓace, can komai ya dawo amma foldar ta rufe kanta. An ce har ka yanke hukuncin kai ta Samaru a yi mata fomatin. Haba Malam! Garin da jami'a ta zauna a cikinsa tun 1962, a ce ɗansa bai san ana bincike kafin hukunci ba? To gyara zama, yau Bakano ɗan kasuwa ne malaminka.

Abin da ke faɗuwar nan sunansa File Explorer. Tun Windows 95 yake aiki da sunan Windows Explorer, sai a Windows 8, shekarar 2012, aka sauya masa suna. Ba buɗe folda kaɗai ne aikinsa ba, shi ke riƙe da layin ƙasan nan da gumakan da ke kan fuskar kwamfuta, shi ya sa in ya faɗi suke bin sa. Takardunka kuwa suna nan lafiya lau, ka daina salati kana tara maƙwabta.

In ya sandare, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito. Nemo Windows Explorer a jerin, ka danna Restart. Wannan tayar da shi ne kawai, bai kai magani ba, kada ka ruga Tudun Wada kana shelar ka zama injiniya.

Ga inda karatun yake. Explorer tamkar fatoma yake a Kurmi: duk baƙon da ya zo a ɗakinsa yake sauka, in baƙo ya ja rigima kuwa fatoma ake kamawa. Manhajojin da kake lodawa ba ji ba gani, ta matse fayil, ta sauya bidiyo, ta karanta PDF, da rigakafin bairos har biyu don tsabar tsoro, kowacce tana cusa ɗan guntunta cikin jerin da ke fitowa in ka danna linzami ta dama. Guntayen nan a cikin Explorer suke aiki, ɗaya ya yi tuntuɓe sai ya kayar da shi. Na san halinku, Bazazzagi ba ya ganin abin kyauta ya wuce, sannan ya juyo ya ce Kanawa ne masu son banza.

Kwamfutar ma tana rubuta sunan mai laifin, kai ne ba ka karantawa. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Wani jadawali zai fito da jan tambari a kan kowace ranar da aka faɗi. Buɗe bayanin, ka duba sunan da ke gaban Fault Module Name. In na wata manhaja ce da ka sa, cire ta ko ka sabunta ta. In sunan bai gaya maka komai ba, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, ShellExView ta NirSoft, mai jero guntayen gaba ɗaya. Kashe duk waɗanda ba na Microsoft ba, ka sake tayar da Explorer, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ɓarawon ya bayyana. Aikin haƙuri ne, kuma wanda ya iya jiran fate ya huce ba zai gaza ba.

In kuwa a folda ɗaya tak yake faɗuwa, musamman wadda ka cika da bidiyon biki da hotunan hawan salla, to akwai lalataccen fayil da yake ƙoƙarin zana ƙaramin hotonsa yana kasawa. Shiga Options na Explorer, ɓangaren View, ka zaɓi Always show icons, never thumbnails. Sannan ka buɗe Disk Cleanup ka share Thumbnails, zai sake gina su da kansa. Kana cikin Options ɗin, danna Clear a ƙarƙashin Privacy, don wani lokacin yana ta laluben filashin da ka zare tun bara ne. Ka kuma sa ya riƙa buɗewa a This PC.

Saura ɓarnar ɗauke wuta. Kwamfutar da ke mutuwa tsakiyar aiki, fayilolin Windows kansu na iya samun rauni. Buɗe Command Prompt a matsayin mai cikakken iko, ka fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, sannan sfc /scannow. Ka rubuta su daidai, ba da irin rubutun likitocinku na Shika ba. Kafin duk wannan, kwashe muhimman takardunka zuwa wani faifan daban, don in faifan cikin ne ya fara gajiya, babu umarnin da zai cece shi. In kuma Windows 10 kake kai har yau, ka sani Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Fomatin zai share komai, gaskiya ne. Amma washegari za ka sake loda manhajojin nan naka ɗaya bayan ɗaya, ka dawo da mai laifin da hannunka, ka kuma biya mai gyara sau biyu. Bakano ba ya irin wannan cinikin.

Karatu dai na ba ka, kuma ka san a garinmu ba a yin aiki don a ce an gode. Zan haɗa kuɗinsa da kuɗin sharar da nake bin ka, in watan cika-ciki ya kama ka aiko gaba ɗaya. Fate kuma ka riƙe abinka, mu nan gurasa ta ishe mu.