Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Oba-Oba



Bayan gaisuwa da fatan batir na cike, masu gadi da matan gida ne suka haɗa baki suka aiko da wannan takarda. An ɗauki Hajiya aiki ne don ta riƙa kai saƙo tsakanin ɗakin maigadi da falo ba tare da an ja waya ko an fasa bango ba. Sai ga shi maigadi ya ce Alhaji ya yi baƙi, amma abin da ya isa falo rabin kalma ne da dogon shuuu.

Ƙorafin farko a kan kwalin da Hajiya ta zo a ciki ne. An buga masa kilomita biyar, wani ma goma. Hakan na yiwuwa idan mutum biyu suka hau tsauni suna hangen juna. Amma 'yan uwan Hajiya da ake amfani da su a Turai ba da lasisi ba, masu aiki a kan megahaz 446, doka ta tsayar da ƙarfinsu a rabin wat. Wannan rabin wat ɗin ake so ya ratsa get na ƙarfe da katangar bulo da benen da aka zuba da rodi, ga rufin kwano daga sama. Shi ya sa wanda ya san hannunsa yake janye Hajiya daga jikin get, ya ɗora ta can sama kusa da taga, ya miƙar da eriya tsaye a ɓangarorin biyu. Ɗaya ta kwanta, ɗaya na tsaye, saƙo ya raunana ke nan.

Sai kukan nan mai tsaga kunne da Hajiya ke ƙwallawa ranar gwaji. Sauti ne ke fita daga lasifikar na'ura ɗaya, ya shiga makirufon ɗayar, ya sake zagayowa. Har suna gare shi a ilimin sauti, na wani masani ɗan Denmak, Larsen. Maganinsa bai kai sisin kwabo ba: a raba su ɗaki, a rage murya.

Masu ƙorafi sun yarda ba duka laifin ne na Hajiya ba. Hanyarta ɗaya ce, kamar gadar kara, sai wani ya wuce wani zai hau. Uwargida kuwa takan danne maɓalli tana faɗa, sannan ta yi mamakin maigadi bai amsa ba. Shi ma yakan fara magana kafin ya danna, alhali ana so ya danna, ya ja numfashi ɗaya, ya bar tazarar yatsu huɗu tsakanin baki da makirufo. Wanda ya kunna VOX, wato tsarin da murya ke buɗe layi da kanta, a ɗakin da ke jikin janareta, ya ba janareta makirufo har asuba. Maɓallin SQL kuma, mai toshe shuuu, idan aka ƙure shi sai ya haɗa har da muryar mai magana daga nesa.

Ƙannen Hajiya masu aiki a kan gigahaz 2.4 nasu cunkoson daban ne, don suna turereniya da Wi-Fi da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci. Masu tsarin DECT, da Turai ta ware wa megahaz 1880 zuwa 1900, sun fi samun sarari.

Babban zargi dai shi ne lambar sirri. Tun shekarun 1950 kamfanin Motorola ya fito da dabarar da sunan Private Line: wani siririn amo, tsakanin haz 67 da 254, da ke tafiya ƙarƙashin murya. Aikinsa kawai ya hana mai lambar jin hirar wasu. Maƙwabcin da ke kan tasha ɗaya, in ya kashe tasa lambar, yana jin komai tas, daga rigimar kuɗin cefane har ranar da Alhaji zai yi tafiya ya bar gida. Masu ƙorafi na roƙon Hajiya ta sa a rubuta wannan a kwali, da baƙaƙe masu girman na kilomita goman nan.

Naki masu biyayya,
Masu gadi da matan gida