Masu Ciyar da 'Yan Zabi Iri-iri Ne

Ɗan ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wani Bature durƙushe gaban 'yar kwalba, da matsefata a hannu, yana ba jaririn gizo-gizo abinci. Tarantula ake ce masa, wato yayan tautau mai gashi. Jaririn bai kai farcen ɗan yatsa ba. Sau ɗaya ko biyu a mako ake jefa masa ƙanƙanin ƙuda ko ɗan ƙaramin gyare. In zai yi saɓa sai ya ƙi ci, a yi maza a cire gyaren, don in aka bar shi da rai a ciki, abincin ne zai cinye mai gidan. Matan wasu ire-irensa na ƙasar Meziko kuwa suna haura shekara 20.

Na nuna hoton a majalisarmu a Dutsi, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, sai na tuna damina ce, rabin masu dariyar nan da asuba suna gindin suri suna nema wa 'yan zabi gara. Zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Kaza ta saba tashi a kwana 21, sai ta ga an kai 28. Ranar da aka ƙyanƙyashe, ranar halin mai kiwo ke fitowa fili.

Na farko shi ne Sarkin Gara. Da yamma yake cusa kandilo da guntayen kara a tsohuwar tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a bakin suri. Kafin rana ta fito ya ɗauko ta cike da gara. Ya san kowane suri daga nan har Shargalle, ya san wanda zagonsa ke cizo. Tambaye shi ajin da ɗansa yake a makaranta, sai ya ce, "Bari a tambayi uwarsa."

Sai Gwaggo Ci-ku-ƙara. A wurinta duk kuka yunwa ce. Tsakin gero da safe, jiƙaƙƙiyar dusa da hantsi, ragowar tuwo da azahar, har abin ya yi tsami a kasko. Ka ce, "Gwaggo, ai ya yi yawa," ta ja tsaki ta ƙara wa 'yan tsaki tsaki. Ruwa ma a kwano mai zurfi take zuba musu, don kada a ce ta yi rowa. Da la'asar a tsamo biyu.

Kishiyarta a hali shi ne Malam Allah-ke-ciyarwa. Da sassafe yake buɗe akurki, kaza ta ja su cikin ciyawa, raɓa ta jiƙa su sharkaf, alhali sanyi ne babban ajalin ɗan zabo. Wanda ya tsira daga raɓa, shirwa na jiransa. Kullum Malam ya ƙirga ya ga an ragu, sai ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Shirwar unguwar har ta yi ƙiba.

Akwai Likitan Zaure. Shi ba ya jiran ciwo ya zo. Sassaƙen maɗaci, garin barkono da kafso mai ja da rawaya, duk a ruwan sha ɗaya. Ka ce ya je wurin malamin dabbobi, ya ce ai tare suka yi firamare. In sun rayu maganinsa ne, in sun mutu baki ne.

Sai Ɗan Waya, wanda ya koyi kiwo a bidiyo. Ya sayo abincin buhu, ya rataya musu ƙwan lantarki don ɗumi, ya zauna jiran wuta. Kwana uku shiru. A dare na huɗu aka gan shi yana sanɗa zuwa ɗakin kakarsa aron kaskon garwashi, wanda jiya-jiya ya kira aikin mutanen da.

Na ƙarshe shi ne mai lissafin dokin Rano. Tun ƙwai na ƙarƙashin kaza ya sayar da zabin a kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, ya sayi tunkiya, ta haifi tagwaye, har ya fara taya babur. An gaya masa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya ce wannan maganar masu ƙaramar zuciya ce.

Wannan na ƙarshen ni ne. Bara ƙwai 20 na sa, 14 suka fito, shida suka girma bayan na sha cizon zago har yatsuna suka kumbura. Da suka yi fiffike sai suka raina kazar da ta rene su, suka koma kwana kan tsamiya, suka bi garken maƙwabcina, a gonarsa suke zuba ƙwai. Da na yi magana ya ce, "Malam, nuna mini naka." Na duba, duk zanensu ɗaya.

Shi ya sa na daina yi wa Baturen nan dariya. Ko ba komai, nasa yana cikin kwalba.