Alhaji, Bar Injin Nan Ya Farka Tukuna

Na san abin da za ku ce, mutanen Dawakin Tofa: "Ƙarfe ne fa, ina ruwansa da sanyi?" To, madalla. Ku da ba a iya yi muku ƙwange a awon riɗi a Dawanau, sai ga bakanike yana cin kuɗinku duk rani, kuna kuma yi masa godiya.

Da asubar hunturu mai lambu zai ja igiyar injin ban-ruwa, kafin injin ya gama tari ya murɗe totur har ƙarshe. Alhali baƙin mai ya kwana a gindin inji, sanyi ya sa ya yi kauri. Ƙananan injinan nan, irin Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa na Sin, ba su da famfon tura mai. Wani ɗan cokali ne a ciki yake fantsama shi sama, kuma mai kauri ba ya fantsamuwa da kyau. Kafin ya kai ga fistin da ringi, ƙarfe na gugar ƙarfe. Alhaji, kai da kanka, a tashe ka daga barci a ɗora maka buhun gero kafin ka yi miƙa, ya za ka ji?

Na ji wani daga baya yana cewa injinan da ba sa wannan iyayi. Da gaskiyarka, Baba, amma rabi. Tun 1997 Amurka ta sa wa ƙananan injina dokar rage hayaƙi, har da na yankan ciyawar ƙofar gida, sai masu ƙira suka riƙa saita kafireta ta rage fetur ta ƙara iska. Hayaƙi ya ragu, mai ya yi auki, amma inji irin wannan in ya yi sanyi sai ya yi ta shaƙewa yana mutuwa. Lafiyarsa ƙalau, kada ka kai shi a buɗe masa ciki.

Sai 'yan lissafi, waɗanda tun cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 suke ƙirga fetur da murfin kwalba. Minti biyu ko uku a silo ake magana. Ku je ku tambayo kuɗin ringi da gasket da ladan aiki, sannan mu zauna mu yi lissafin tare. Kuma ban ce a kunna a tafi shan koko ba. Wannan ɓarnar mai ce, fulogi ma baƙi zai yi.

Aikin kaɗan ne. Duba baƙin mai. Cika cikin famfo da ruwa kafin ka ja igiya, don in ya juya a bushe robar da ke tare ruwa ƙonewa take. Rufe cok, tayar, da ya kama sai ka buɗe a hankali. In ka bar shi a rufe, fetur zai wanke man da ke jikin silinda. Ƙaramar taraktar huɗa ma haka, a soma mata da aiki mara nauyi.

Ku kuma samarin babur da ke tashin unguwa da "bum-bum" wai kuna ɗumama inji, maƙwabta sun ce a gaya muku sun ji, kuma bakanike yana gaisuwa, ya ce yana nan har la'asar.